Ina Iska Ta Dosa? Yadda Ake Rubuta Alkibla a Fayilolin Nazarin Yanayi

Idan aka ce zafin Sakkwato ya kai digiri 42 a ma'aunin Salsiyas da azahar ɗin wata rana cikin watan Afrilu, to magana ta ƙare, babu sauran tambaya. Amma idan aka ce iska tana gudun mita 10 a kowane sakan, duk manomin da ya ji sai ya tambaya, daga ina? Dalili kuwa shi ne, iskar da ta taso daga arewa maso gabas ƙura da sanyi da tsagewar leɓe take kawowa, wadda ta biyo daga kudu maso yamma kuwa ita ce mai ɗauke da laimar teku, watau uwar damina. Gudun yana iya zama ɗaya, amma abin da ke tafe a bayansa ya sha bamban.

Masana kimiyya sun kasa abubuwan da ake aunawa gida biyu saboda wannan dalili. Akwai adadi zalla, wanda lamba ɗaya ta ishe shi, kamar zafi da yawan ruwan sama da nauyin iska. Akwai kuma adadi mai alkibla, wanda ɗaliban fiziks suka sani da sunan bekta, shi ne wanda ba ya cika sai an faɗi girmansa an kuma faɗi inda ya fuskanta. Iska tana cikin wannan kashi, haka ma igiyar ruwan teku, da tafiyar ƙanƙarar da ke yawo a kan tekun arewacin duniya. A kan allo malami yakan zana kibiya ne, tsawonta ya nuna girma, tsininta ya nuna alkibla. To amma na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, ba ta ajiye kibiya, lambobi kaɗai take ajiyewa. Tambayar ita ce, ta yaya masani a Ingila zai zuba miliyoyin lambobi cikin fayil, wani masanin a Yamai ko Zariya ya buɗe shi bayan shekara ashirin, ya mayar da kowace kibiya daidai inda mai ita ya nufa, ba tare da sun taɓa haɗuwa ba?

Raba kibiya gida biyu

Dabarar farko ita ce a raba kibiyar zuwa ɓangare biyu. Ɓangare na farko, wanda bisa al'ada ake yi wa laƙabi da harafin u, shi ne yawan tafiyar iska zuwa gabas. Na biyu, mai harafin v, shi ne yawan tafiyarta zuwa arewa. Idan iska ta nufi yamma sai u ya ɗauki alamar ragi, idan ta nufi kudu sai v ya ɗauki alamar ragi.

Alal misali, a ce u mita 3 ne a sakan, v kuma mita 4. Ma'ana, cikin kowane sakan iska takan matsa mita 3 gabas, ta kuma matsa mita 4 arewa. Duk ɗalibin da ya san ƙa'idar Faisagoras ta alwatika mai kusurwar digiri 90 zai fitar da ainihin gudun: 3 sau 3 tara ne, 4 sau 4 sha shida, jimla 25, lambar da aka ninka da kanta ta ba da 25 kuwa ita ce 5. Ashe gudun iskar mita 5 ne a sakan, ta kuma karkata kimanin digiri 37 daga arewa zuwa wajen gabas. Haka nan iskar hunturu mai gudun mita 10 da ta taso sak daga arewa maso gabas, irin wadda ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta watsa ta a kan ƙasar Hausa, za a rubuta ta da u = −7.07 da v = −7.07. Duka biyun suna da alamar ragi domin iskar kudu maso yamma ta dosa.

Waɗannan alamomi suna ba da labari mai yawa ga wanda ya iya karanta su. A tsakiyar damina, iskar da ke kusa da ƙasa a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar daga kudu maso yamma take fitowa, saboda haka u da v duk suna da alamar ƙari. Amma idan aka hau sama kimanin kilomita 3 zuwa 4, sai a tarar da wata iska mai ƙarfi tana kwarara daga gabas zuwa yamma, u ya koma alamar ragi. Wannan iska ta sama tana da hannu wajen tura manyan hadura zuwa yamma, shi ya sa tun kaka da kakanni mutane ke duban gabas idan suna jiran ruwa, alhali laimar da ta haifi ruwan daga wajen teku ta zo.

Mai karatu yana iya cewa, me ya hana a rubuta gudu da alkibla kawai, kamar yadda ake karantawa a rediyo? Ana yin haka a tashoshin auna yanayi, amma lissafi yakan ci tura da wannan hanya. A ɗauka da safe iska ta fito daga digiri 350, watau arewa da ɗan karkata yamma, da maraice kuma daga digiri 10, arewa da ɗan karkata gabas. Kowa ya san matsakaicinta arewa ne. Amma idan aka tara 350 da 10 aka raba biyu, 180 za a samu, watau kudu sak. Da u da v irin wannan ba ta faruwa, sai a ɗauki matsakaicin kowanne daban, a sake haɗa kibiyar.

Sai dai ita ma wannan hanya tana da nata tarkon. Idan iska ta yi rabin yini tana gudun mita 5 zuwa gabas, ta yi sauran rabin tana gudun mita 5 zuwa yamma, matsakaicin u sifiri ne, kamar ganye bai motsa ba, alhali an yini ana shan iska mai gudun mita 5. Wanda yake son sanin ko wuri ya dace da kafa injin samar da lantarki daga iska, ko yawan ƙurar da za ta tashi, idan ya fitar da gudu daga matsakaicin u da v na wata guda, zai sami adadin da ya gaza gaskiya. Saboda haka manyan rumbunan bayanai suke ajiye matsakaicin gudu a matsayin abu na uku mai zaman kansa.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi

Ita kanta kalmar alkibla ba ma'ana ɗaya take da ita a bakin kowa ba. Masana yanayin sama suna kiran iska da sunan inda ta fito, kamar yadda Bahaushe yake cewa iskar gabas. Masana teku kuwa suna kiran igiyar ruwa da sunan inda ta nufa. Ke nan digiri 45 a wurin na farko iska ce mai tafiya kudu maso yamma, a wurin na biyu ruwa ne mai tafiya arewa maso gabas. Lamba ɗaya, alkibla biyu masu ba juna baya.

Bugu da ƙari, masana yanayi suna fara ƙidayar kusurwa daga arewa, su bi yadda hannun agogo yake juyawa, gabas ta zama 90, kudu 180, yamma 270. Malamin lissafi a aji kuwa daga gabas yake farawa, ya juya saɓanin hannun agogo, arewa ta zama 90. Sa'an nan ita ma arewar iri biyu ce: akwai arewa ta ainihi, akwai wadda allurar kamfas take nunawa. Rubutaccen rahoton yanayi na filin jirgin sama yana bin arewa ta ainihi, amma iskar da hasumiya take faɗa wa matuƙi lokacin tashi da sauka tana bin ta kamfas, domin da ita aka laƙaba wa hanyoyin jirage lambobinsu. Ga kuma batun ma'auni: matuƙan jiragen sama da na ruwa da not suke aiki, not ɗaya kuwa mita 1,852 ne a awa, kimanin mita 0.514 a sakan. Wanda ya ɗauki not a matsayin mita a sakan ya kusa ninka iskarsa biyu.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan al'adu da za a ce kuskure ce. Kuskuren yana aukuwa ne a lokacin da lamba ta bar gidansu ta shiga hannun baƙo ba tare da bayani ba.

Bayanin rakiya

Kwalbar magani da takardarta ta ɓalle ba ta da amfani, ko da maganin cikinta na ƙwarai ne. Haka lambobin kimiyya suke. Bayanin da ke raka su, mai faɗin mene ne aka auna, da wane ma'auni, a ina, yaushe, shi ake kira bayanin rakiya. A da, wannan bayani yakan zo ne a wata takarda dabam da ake haɗawa da faifan maganaɗisu, takardar kuwa tana iya ɓata, ko a gyara bayanan a manta da gyara ta.

A ƙarshen shekarun 1980, cibiyar Unidata da ke garin Boulder a jihar Kolorado ta Amurka ta ƙirƙiro wani tsarin fayil mai suna netCDF, bisa wani tsari da hukumar NASA ta riga ta fara. Fa'idarsa ita ce bayanin rakiya yana zaune cikin fayil ɗin tare da lambobin, ba sa rabuwa. Kowane jerin lambobi yana da sunansa, da girmansa, da wasu 'yan layukan bayani da ake liƙa masa. Amma netCDF jaka ce kawai, bai tilasta wa kowa abin da zai rubuta ba. Wani ya kira iskarsa u, wani U10, wani ya ba ta sunan da shi kaɗai ya san ma'anarsa. Mutum yana iya yin hasashe ya dace, amma manhajar kwamfuta ba ta iya hasashe.

Yunƙurin daidaitawa na farko da ya karɓu shi ne ƙa'idar COARDS ta 1995, wadda ta tsara yadda za a rubuta latitud da longitud da tsawo da lokaci. Daga bisani aka faɗaɗa ta, aka fitar da ƙa'idar CF a watan Oktoba na 2003. Haruffan biyu farkon kalmomin Ingilishi ne masu nufin yanayi da hasashe. Mutum biyar ne suka rubuta bugun farko: Brian Eaton, Jonathan Gregory, Bob Drach, Karl Taylor da Steve Hankin. Ƙa'idar ta sami gindin zama ne sa'ad da aka tattara sakamakon samfuran lissafin yanayi na cibiyoyin ƙasashe da dama a wuri guda, ƙarƙashin shirin CMIP, domin rahoton kwamitin IPCC na 2007 kan sauyin yanayi. Kwatanta samfurin Japan da na Jamus da na Faransa ba zai yiwu cikin sauƙi ba sai duk sun yi magana da harshe ɗaya.

Zuciyar ƙa'idar CF wani jadawali ne mai ɗauke da dubban tabbatattun sunaye, kowane suna da fassararsa da ma'aunin da ya dace da shi. Ga yadda bayanin rakiya na iskar kusa da ƙasa yake bayyana a fayil ɗin CMIP:

uas:standard_name = "eastward_wind"
uas:units = "m s-1"
uas:cell_methods = "time: mean"
uas:coordinates = "height"

Layi na farko yana cewa wannan ɓangaren iska ne mai tafiya gabas. Na biyu ya ce ma'aunin mita ne a sakan. Na uku ya ce lambar matsakaici ce ta wani tsawon lokaci. Na huɗu yana nuni ga wata lamba da ke cikin fayil ɗin, mai faɗin tsawon da aka ɗauki iskar, galibi mita 10 daga doron ƙasa. Abokin tafiyarsa, vas, yana ɗauke da sunan northward_wind.

Hikimar da ke nan ita ce an cusa alamar cikin sunan kansa. Ba a ce iskar gabas da yamma ba, an ce mai tafiya gabas, saboda haka lamba mai alamar ƙari gabas ta nufa, babu gardama. Haka aka warware rikicin masana sama da na teku: akwai wind_from_direction ga inda iska ta fito, akwai wind_to_direction ga inda ta nufa, kowannensu ana ƙidaya shi daga arewa bisa juyin hannun agogo. Ba a hana kowa al'adarsa ba, an dai wajabta masa ya faɗi wadda ya bi. Sunayen sukan yi tsawo har su gajiyar da mai bugawa, amma tsawon suna ya fi sauƙin ɗauka a kan juyayyar kibiya.

Gabas ɗin wa?

Sai kuma matsalar da ta fi wuyar ganewa. Samfurin lissafin yanayi yana shimfiɗa wa duniya raga ne, ya yanka ta gida-gida kamar gidajen dara, ya lissafa iska da zafi a kowane gida. Raga mafi sauƙi ita ce mai bin layukan latitud da longitud. Aibinta shi ne layukan longitud suna matsowa kusa da juna yayin da ake nisa da ikwaita. Digiri ɗaya na longitud kimanin kilomita 111 ne a ikwaita, kilomita 109 a Kano, amma a latitud 60 bai wuce kilomita 56 ba, a ƙololuwar arewa kuwa duk layukan sun haɗe a ɗigo guda. Gidajen da suka tsuke haka suna wahalar da lissafi ƙwarai.

Don haka masu samfuran yanki sukan yi wata dabara, su ɗauke ƙololuwar ragar su kai ta wani wuri. A shirin CORDEX, wanda aka fara a 2009 domin nazarin yanayin nahiyoyi dalla-dalla, ragar Turai tana da ƙololuwarta a latitud 39.25 arewa, longitud 162 yamma, can cikin tekun Fasifik. Da haka ikwaitar ragar ta ratsa tsakiyar Turai, gidajen suka zama kusan girma ɗaya. Ragar Afirka ba ta bukaci wannan juyi ba, domin ikwaita ta ainihi ta riga ta ratsa nahiyar. Masu samfuran teku kuma sukan yi raga mai ƙololuwa uku, ɗaya a kudu, biyu a arewa, su ɗora na arewan a kan tudu a Kanada da Asiya, inda babu ruwan da za a lissafa.

To a irin wannan raga, layin da samfuri yake ɗauka a matsayin sama ba arewa ba ne, na dama kuma ba gabas ba ne. A ragar Turai, a kan longitud 18 gabas ne kaɗai biyun suka dace. A Lisbon ta ƙasar Fotugal, arewar raga ta kauce wa arewa ta ainihi da kimanin digiri 20. A dubi abin da kaucewar digiri 30 za ta haifar: idan arewar raga ta karkata digiri 30 zuwa gabas, samfuri kuma ya ba da sifiri a ɓangaren dama da mita 10 a ɓangaren sama, ainihin iskar tana tafiya mita 5 gabas da mita 8.66 arewa. Wanda ya ɗauki lambobin yadda suke zai ce babu iska mai tafiya gabas ko kaɗan.

Abin da ya sa wannan kuskure yake da haɗari shi ne ba ya ihu. Gudun iska bai canza ba, mita 10 ne ta kowace fuska aka duba. Taswira za ta fito da kyau, kibiyoyi a jere, a tsakiyar yankin ma daidai suke. Sai can gefe-gefe ne suke karkacewa sannu a hankali. Wanda yake lissafa yawan laimar da iska ke shigarwa wata ƙasa, ko inda hayaƙin wata gobara zai sauka, yana iya kammala aikinsa har ya buga bai lura ba.

Ƙa'idar CF ta ware sunaye dabam domin wannan hali: x_wind da y_wind ga iskar da aka auna bisa layukan raga, haka kuma sea_water_x_velocity da sea_water_y_velocity ga ruwan teku. Sa'an nan ta tanadi wani layin bayani mai suna grid_mapping, wanda ke nuni ga inda aka rubuta siffar ragar, har da wurin da aka kai ƙololuwarta, domin mai karɓa ya iya lissafa kusurwar juyi a kowane gida. Tsarin GRIB na Hukumar Yanayi ta Duniya, wanda cibiyoyin hasashen yau da kullum suke musayar bayanai da shi, ya bi wata hanya: ɗigon lamba ɗaya tak a cikin bayanin raga, idan sifiri ne ɓangarorin gabas da arewa ne, idan ɗaya ne na raga ne. Yayin da ake mayar da fayil daga GRIB zuwa netCDF, wannan ɗigo yana da sauƙin salwanta idan mai rubuta manhajar bai kula ba. Shi kuwa samfurin WRF, wanda jami'o'i da yawa suke amfani da shi, iskar raga yake fitarwa, tare da wasu jerin lambobi biyu, COSALPHA da SINALPHA, waɗanda da su ake juya ta.

A ƙololuwar duniya kuwa kalmomin gabas da arewa kansu sukan rasa ma'ana. Wanda ya tsaya a ƙololuwar kudu, duk inda ya juya arewa yake kallo. Ma'aikatan tashar Amundsen-Scott da ke wurin sun ɗauki layin longitud na Greenwich a matsayin arewarsu, da shi suke faɗin alkiblar iska.

Sama da ƙasa

Alkibla ta uku, watau sama da ƙasa, ita ma tana da nata ruɗanin. Sunan upward_air_velocity a fili yake, alamar ƙari tana nufin iska tana hawa. Amma samfura da yawa suna auna hawa da sauka ne da canjin nauyin iska, a ma'aunin faskal a sakan. Tun da nauyin iska raguwa yake yi yayin da ake hawa, a wannan ma'auni alamar ragi ita ce hawa. Ke nan inda hadari yake haɗuwa, lambar ragi za a gani. Haka nan zafin da ƙasa take mayar wa iska: a fayilolin CMIP mai hawa sama shi ne mai alamar ƙari, sunansa ma ya faɗi haka, amma cibiyar hasashen yanayi ta Turai, ECMWF, ta ɗauki mai sauka ƙasa a matsayin ƙari. Saboda haka a rumbun bayananta na ERA5, wanda ya faro daga 1940, tururin da ke tashi daga ƙasa lambar ragi yake ɗauka. Ɗalibin da ya ga tafkin Cadi yana fitar da tururi mai alamar ragi kada ya yi zaton na'ura ta lalace.

Wani adadin ma alkibla biyu yake bukata a lokaci guda. Jan da iska take yi wa fuskar teku ana kiran ɓangarensa surface_downward_eastward_stress: kalma ɗaya ta ce ƙarfin daga sama yake sauka kan ruwa, ɗaya ta ce gabas yake tura shi.

Me ya ɗaure u da v?

Duk da wannan ƙoƙari, akwai wani giɓi da ya daɗe yana jawo muhawara. Tsarin sunaye yana bayyana kowane ɓangare ne shi kaɗai, kamar adadi zalla. Mutum ya ga eastward_wind da northward_wind ya san tagwaye ne. Amma a ce fayil guda yana da iskar mita 10 da ta mita 100, da wadda aka auna da wadda aka hasasa, kowacce da ɓangarorinta biyu masu suna iri ɗaya. Wace za a haɗa da wace? Tambayar ba ta wasa ba ce, domin kamar yadda misalin digiri 30 ya nuna, ba a iya juya ɓangare ɗaya sai da ɗan'uwansa a hannu. Manhajar da ke kwashe bayanai daga wata raga zuwa wata tana iya yi wa zafi aiki daidai, ta yi wa iska ɓarna, idan ta ɗauki x_wind kamar wani zafin ne.

Wani abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne tagwayen ba lalle ne su zauna wuri ɗaya ba. A tsarin da Akio Arakawa da Vivian Lamb suka bayyana a 1977, wanda aka fi sani da raga ta C, ana ajiye zafi a tsakiyar gida, u a bangon gabas da na yamma, v a bangon arewa da na kudu. Hakan yana kyautata lissafin abin da ke shiga gida da abin da ke fita, amma kafin a zana kibiya ɗaya sai an jawo ɓangarorin biyu zuwa tsakiya.

Wata shawara da aka gabatar ita ce a ƙirƙiri wani suna na uku a cikin fayil, wanda ba ya ɗauke da lamba ko ɗaya, aikinsa kawai ya zama laima, ya lissafa sunayen ɓangarorin da ke ƙarƙashinsa, ya ce waɗannan kibiya ɗaya ce. Masu goyon baya suna da hujja, domin ƙa'idar ta riga ta yi amfani da irin wannan suna marar lamba wajen bayyana siffar raga. Masu ɗari-ɗari su ma suna da tasu: akwai ɗimbin fayiloli da manhajoji da aka gina bisa tsohon tsari, kuma duk bayanin da aka rubuta sau biyu a wuri biyu wata rana yana iya saɓa wa kansa. Ga alama kowane ɓangare yana kallon irin fayil ɗin da ya saba da shi ne. Wanda ke aiki da iska ɗaya a raga miƙaƙƙiya bai ga abin damuwa ba, wanda ke bin tafiyar ƙanƙara kusa da ƙololuwar arewa kuwa kullum cikin juya kibiya yake. Manyan rumbuna irin su CMIP da CORDEX dai sun rage matsalar ta wata hanya: suna neman kowace cibiya ta miƙa iskar kusa da ƙasa a matsayin uas da vas, mai tafiya gabas da mai tafiya arewa, kowanne a fayil ɗinsa mai tabbataccen suna, ko da wace irin raga samfurin ya yi aiki da ita.

Waɗannan fayiloli su ne irin waɗanda cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai, da hukumar NiMet ta Nijeriya, da sassan nazarin ƙasa na jami'o'i suke ɗaukowa domin nazarin damina da ƙurar hunturu. Malamin da makarantarsa ke da kwamfuta da intanet yana iya gwada ɗalibansa da ɗaya daga ciki. A fara da karanta bayanin rakiya kafin a taɓa lamba ko ɗaya: suna, ma'auni, tsawo, da siffar raga. Sa'an nan a nemo gidan da ya faɗo kan Kano, wajen latitud 12 arewa da longitud 8.5 gabas, a duba matsakaicin uas da vas na watan Janairu da na watan Agusta. A Janairu duka biyun alamar ragi ya kamata su nuna, a Agusta kuma alamar ƙari. Idan aka ga saɓanin haka, sai a koma kan bayanin rakiya a binciki inda kibiyar ta juya.